Funfunar da ke cin ciyawar tsakar gida da damina

A gidana na Birnin Kebbi akwai ɗan filin da na dasa wa kiri-kiri don yara su samu wurin birgima. Da rani damuwarta ƙishirwa ce da gara. Amma idan marka ta sauka a watan Agusta, wani ciwo ne daban ke kama ta: sai wurare su yi ruwan ƙasa a zagaye, wani kamar faifai, wani ya fi haka faɗi.

Duk baƙon da ya gani sai ya ce, "Malam, ƙara mata ruwa," ko "watsa mata yuriya." Su biyun nan kuwa su ke ciyar da ciwon. Funfuna ce da masana ke kira Rhizoctonia. A ƙasa take zaune, tana tashi idan dare ya yi ɗumi, ganye kuma ya kwana a jiƙe awa 10 ko fiye.

Bayan sallar asuba nake dubawa, kafin rana ta shanye raɓa. Bakin da'irar yakan yi duhu-duhu, wani lokaci har da farin zare siriri kwance kan ganyen. Sai in ja ganye ɗaya. In ya zare ba gardama, gindinsa ya ruɓe, saiwa kuma tana nan da ƙarfinta, to funfuna ce. In gara ce, za ka ga ginin ƙasarta, tushen ma ya taso gaba ɗaya.

Ban-ruwan yamma na soke shi. Da sassafe kawai, shi ma sai an yi kwanaki ba ruwan sama. Taki yana jira sai damina ta ja baya. Na sa an rage wa dalbejiyar bakin katanga rassa (maiɗakina ba ta ji daɗi ba, inuwarta ce), iska da rana suka samu hanya. Inda ruwa ke kwanciya na ja masa 'yar magudana. Yankakkiyar ciyawar wurin da ya kamu kuwa waje ake kai ta, a wanke adda kafin a taɓa mai lafiya.

Akwai maganin feshi a shagunan kayan gona, amma hana yaɗuwa yake yi, ba ya tayar da ganyen da ya mutu. Tunda saiwa na raye, kiri-kiri da kanta take miƙe hannuwa ta rufe wurin kafin hunturu ya shigo.