Notin da ake bari a bakin sanda

Rabin haƙorina na gaba sitiyarin wata Corolla ne ya tafi da shi, a garejinmu na bakin hanyar Gaya, nan Wudil. Ranar Juma'a ce, kasuwa ta ci, motoci sun yi layi. Oga zai fita duba wata J5 da ta mace da lodi, ya ce in cire sitiyarin kafin ya dawo. Shekarata biyu ke nan a hannunsa, kaina har ya fara girma.

Farkon aikin ban yi kuskure ba. Na miƙar da tayoyin gaba, na zare makulli, na cire kan batir na nagatif, na ɗan jira. Wannan jiran dole ne, domin na'urar iyabag, jakar iskar nan da ke buɗewa daga sitiyari idan an yi haɗari, tana riƙe ragowar wuta ko bayan an cire batir. Toyota ta ce a jira aƙalla daƙiƙa 90, Oga kuwa sai ka yi minti 10 yake yarda, kuma ban ga laifinsa ba. Na kwance sukurori biyun gefe, na zare soket mai ruwan ɗorawa, na ajiye iyabag ɗin fuskarsa sama. In ka kifa shi ya tashi, ƙarfen bayansa ne zai yi tsalle.

A wurin notin tsakiya, wanda ke riƙe sitiyari a kan sandarsa, na yi ta'asar. Na sa sifana lamba 19 na kwance shi gaba ɗaya na ajiye a kujera. Sitiyari ya cije a sanda, ya ƙi motsi. Na dogara ƙafa, na kama da hannu biyu na fizga da iya ƙarfina. Ya saki lokaci guda, sai a bakina.

Oga ya tarar da ni ina tofar da jini a gindin darbejiya. Bai ce sannu ba tukuna.

"Kai yaro, ina notin?"

"Ga shi can a kujera, Oga."

"To da ka bar shi a bakin sanda, shi zai tare maka."

Sassauta shi ake yi, a bar shi da zagaye biyu ko uku, sannan a yi ta girgiza sitiyarin hagu da dama har ya saki. In ya ƙi, a sa fula, wato ƙarfen da ake janyo sitiyari da shi. Guduma dai ban da ita, don sandar an ƙera ta ne ta lanƙwashe ciki idan an yi haɗari, duka yana lalata ta.

Ashe da sauran rina a kaba. Fizgar da na yi ta ja ribon, naɗin siririyar wayar nan da ke kai wuta ga oda da iyabag. Kusan zagaye biyu da rabi take yi kowane ɓangare daga tsakiya, shi ya sa ake liƙe ta da salatif da zarar sitiyari ya fita. Tamu ta tsinke. Ga shi ban yi alama tsakanin sanda da sitiyari ba, muka mayar ya zauna a karkace, muka sake cirewa.

Washegari da sassafe ni aka ɗora wa zuwa Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota ta Kano, neman ribon, leɓe a kumbure. Kuɗin motar ma daga aljihuna ya fita.