Yadda na zana Gobarau a cikin hazo

Takarda biyu na ɓata kafin Hasumiyar Gobarau ta yarda ta fito mini da fentin ruwa. Cikin watan Janairu ne, hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe Katsina.

A fentin ruwa, farinka shi ne farin takardar, in ka rufe shi ya tafi ke nan. Shi ya sa ake farawa da haske a gangaro zuwa duhu. Na san haka, amma ɗoki ya ɗebe ni, na dama ruwan ƙasa mai kauri na danƙara wa hasumiyar tun farko. Da na zo shafa sararin sama sai launin ya jiƙe ya malale, komai ya zama caɓi.

A ta biyu iska ce ta yi mini illa. Busasshiyar iskar hunturu tana shanye ruwa kafin ka sake tsoma buroshi. Launi ya ƙare mini a tsakiyar sama, na tsaya damawa, ina dawowa na tarar bakin shafin ya bushe ya bar layi. Na ɗiga ruwa don in gyara, sai ruwan ya ture launin gefe ya bar tabo.

Ranar ta uku ban taɓa buroshi ba sai da na gama shawara. Na zana wurin da fensir a 'yar takarda, na raba shi uku: haske, tsaka-tsaki, duhu. Na dama kowane launi a murfinsa, fiye da abin da nake bukata. Takardar auduga ce mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, na manne ta a allo da salatif, na ɗan jingine shi don ruwan ya riƙa taruwa a bakin shafi ina jan sa ƙasa. Na fara jiƙa ta da tsabtataccen ruwa.

Shafin farko ruwan ɗorawa ne tsararo da ɗigon ja, na bi da shi ko'ina, sama da ƙasa da hasumiyar, domin ƙurar hunturu launi ɗaya take shafa wa komai. Farar rigar wani dattijo kawai na kewaye. Sai jira, wanda ya fi komai yi mini wuya. Nakan ɗora bayan hannuna a takardar, in na ji sanyi, da sauran danshi ko da ido ya ga ta bushe.

Shafi na biyu jar ƙasa ce a jikin ginin, mai tsayin kusan ƙafa 50. Na uku inuwa, shuɗi gauraye da jar ƙasar, ban sa baƙi ba, kuma sau ɗaya buroshi ya wuce don kada ya tayar da shafin da ke ƙarƙashi. Bishiyoyin nesa a shafi ɗaya na bar su, dishi-dishi.

Ina wanke buroshi wani yaro ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Malam, ai har ƙurar ta fito."