Yadda muka buɗe ɗakin karatu a unguwar awon igiya

Unguwarmu tana cikin sababbin unguwannin da suka kewaye birnin Kano, irin waɗanda ba da daɗewa ba gonakin gero da dawa ne. Mai gona ya kira dillali, aka kawo igiya aka yanka filoti-filoti, kowa ya sayi nasa ya gina. Wanda ya san bayan Rijiyar Zaki ko Mariri ko Rimin Kebe ya san zubin da nake nufi. A awon igiya ba a ware filin makaranta, ba a ware na asibiti, hanyar mota ma sai an kai ruwa rana kafin a bar ta. Masallaci ne kaɗai ba ya rasa fili, domin kullum ana samun mai bayarwa saboda Allah.

Muna da ƙungiyar ci gaban unguwa tun kafin wannan magana. Taransifoma ce ta haɗa mu, daga baya kwalbati da kuɗin 'yan sintiri suka riƙe mu tare. Ni ne sakatare. Maganar ɗakin karatu ta taso ne saboda yaran da ke shirin jarrabawar WAEC da NECO, waɗanda bayan sallar Isha'i za ka gan su a bakin kemis ko gidan mai suna karatu da hasken janareton wani. Babban laburaren Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello yana nan, amma daga wajenmu sai ka sauya Adaidaita Sahu kafin ka kai, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin zuwa da dawowa ya fi ƙarfin ɗan sakandare. 'Yan mata kuwa ba a ma maganarsu, ba uban da zai bar 'yarsa ta tsallaka gari don karatu ta dawo bayan Magariba.

Shawarar da ta fara zuwa bakin kowa ita ce a rubuta wa ciyaman takarda a ce ya gina mana laburare. Wani dattijo a cikinmu, wanda ya yi aikin akawu a ƙaramar hukuma har ya yi ritaya, ya bari kowa ya gama sannan ya ce, "Malam sakatare, kafin ka rubuta, ka duba abin da doka ta ɗora musu tukuna." Na je na duba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, magudanan ruwa, kwashe shara, sanya wa tituna suna da ba gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, har lasisin kekuna da amalanke. Laburare ba ya ciki. Abin da ke ciki, wanda ya zama ƙofarmu, shi ne cewa ƙaramar hukuma tana da hannu a ilimin firamare da ilimin manya da koyar da sana'a.

Dattijon nan ya ga zamanin da lamarin ba haka yake ba. A lokacin En'e akwai ɗakunan karatu a garuruwan hakimai, inda ake ajiye jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, da ƙananan littattafan yaƙi da jahilci, mutum ya shiga ya karanta ko a karanta masa. Yau ƙananan hukumomi 774 ne a Nijeriya, 44 daga ciki a jihar Kano, kuma kusan duk wanda ya shiga ofishin ciyaman kuɗi ko gini yake nema. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ya ce mu nemi abin da yake hannunsu wanda ba sai an buɗe baitulmali ba: ɗaki, izini a rubuce, da ma'aikaci.

Ɗakin yana nan kuwa. Tsohon ƙauyen da unguwarmu ta haɗiye yana da makarantar firamare, kuma akwai aji guda da iska ta yaye wa kwano aka bar shi, awaki suka mayar da shi nasu. Muka bi hanya daki-daki. Mai unguwa muka fara samu, shi ya kai mu gaban dagaci. Dagaci ya saurare mu, ya yi tambaya ɗaya tak: "Wa zai riƙe mabuɗi?" Shugabanmu ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙungiya ce za ta riƙe." Ya ce ƙungiya ba ta da aljihu, a kawo masa sunan mutum. Sai da muka kawo suna ya sa hannu ya buga hatimi. Daga nan muka zauna da hedimasta da kwamitin iyaye da ke sa ido kan makarantar, sannan aka ɗauki takarda zuwa ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, wanda makarantun firamare ke ƙarƙashinsa. Abin da muka roƙa gajere ne: mu gyara ajin da kuɗinmu, mu yi amfani da shi bayan an tashi makaranta da ranakun hutu, ginin ya ci gaba da zama na makaranta.

A sakatariya ne aka sha jira. Ana tsaka da bin takardar aka sauya shugabanni, fayil ya yi ɓatan dabo, waɗanda suka yi mana alkawari da baki suka tafi da alkawarinsu. Abin da ya cece mu kwafin takardar ne da ke hannuna, mai ɗauke da hatimin karɓa da kwanan wata. Duk takardar da za ka kai ofishin gwamnati, ka kai biyu, a buga wa ɗaya hatimi ka dawo da ita gida. Na kuma lura cewa 'yan siyasa baƙi ne a sakatariya, masu gidan su ne akawu da masinja da shugaban sashe, waɗanda ke nan ko wace jam'iyya ce ta ci. Masinjan da muke gaisawa da shi da mutunci, muna tambayar iyalinsa, shi ya tono fayil ɗin daga ƙarƙashin wasu.

Kansilan mazaɓarmu ya taimaka, ya ba da bandir ɗin kwano daga aljihunsa. Amma ya so a kafa allo mai hotonsa da launin jam'iyyarsa a bakin ƙofa. Nan aka yi muhawara mai zafi a ƙungiya, wasu na ganin butulci ne a ƙi. Ni ina cikin waɗanda suka ƙi, har gobe kuma ra'ayina ke nan. A garin nan ginin da aka shafa wa fentin jam'iyya yakan zama maraya ranar da mulki ya juya, kuma rabin iyayen unguwa za su hana 'ya'yansu shiga tun kafin ya juya. Shugabanmu ya same shi a gida ya ce, "Honarabul, sunanka zai hau takardar godiya tare da na kowa, za a karanta a masallaci ranar Juma'a." Bai ji daɗi ba, amma ya haƙura, ya kuma zo buɗewa.

Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, wasu daga cikinmu suka ce mu dakata, kuɗi na tafe. Ba mu dakata ba. Ko kuɗin sun iso cif, albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya na gaba, rijiyoyin burtsatse da hanyoyi na biye, ɗakin karatun wata unguwa yana can ƙarshen layi.

Gyaran bai ba mu wahala ba. Karo-karo aka yi, magina da kafintocin unguwa suka yi aikin gayya, mai walda ya ƙera mana kantoci na ƙarfe a kan kuɗin kaya kawai. Ƙarfe muka zaɓa saboda gara, kuma ba mu jingina su da bango ba.

Littattafai ne suka ba ni mamaki. Da muka yi shela, kwalaye suka yi ta zuwa, mutane na ta sa mana albarka. Da aka buɗe sai ga tsofaffin littattafan jami'a na lissafin kuɗi, rahotannin shekara na kamfanoni, kundayen Turanci da aka buga tun kafin a haifi iyayen yaran, wasu ma gara ta riga ta yi kalaci da su. Mutane da yawa sharar ɗaki suka yi, suka samu lada a kai. Ba ka isa ka mayar wa Alhaji kyautarsa ba, don haka muka karɓa muka gode, muka ware. Abin da yara ke nema da gaske kaɗan ne: littattafan manhajar da ake koyarwa yanzu, tambayoyin jarrabawar shekarun baya, ƙamus, taswira. Waɗannan sai da muka saya da kuɗi a Sabon Gari. Littattafan addini daga kasuwar Kurmi ba su yi wuya ba, masu bayarwa sun fi masu nema. Abin da ya fi ƙaranci shi ne littattafan yara ƙanana masu hotuna da Hausa. Kaɗan ɗin da muka samu sun yage saboda yawan hannu, mun ɗinke su da zare mun manne da salatif, har yanzu su ake rububi. Daga baya muka daina cewa "a taimaka da littattafai", muka koma rubuta sunan abin da muke so da farashinsa, mai niyya ya ɗauki ɗaya.

Littattafan hikaya na Hausa, waɗanda mata suka fi karantawa, sun so su raba kan ƙungiya. Wasu dattawa suka ce ba za a ajiye littattafan soyayya a harabar makaranta ba. Akwai wata baiwar Allah a unguwar da ta daɗe tana ba da hayar irin waɗannan littattafai a cikin gidanta, ta san abin da ke cikin kowanne fiye da mu duka. Ita da wata malamar Islamiyya aka ba aikin tacewa, abin da suka amince da shi ya hau kanta guda ta manya. Da wannan Hajiyar ta shigo, sai matan aure suka fara aiko yara da 'yar takarda a karɓo musu. Ita ce kuma ta kawo tsarin aro da ya yi aiki: ba a ba kowa littafi ya fita da shi sai an rubuta sunan maigidan da ya tsaya masa, littattafan jarrabawa kuwa ba sa fita ko da wa ya tsaya.

Lokacin mata daban muka yi, safiyar Asabar da Lahadi da kuma wasu ranaku tsakanin Azahar da La'asar, mace ce ke zama a bakin ƙofa. Kafin a yi haka 'yan mata ba sa zuwa sam. Bayan an yi, sukan fi maza cika ɗakin.

Duk da wannan fama da littattafai, abin da ya fi jawo mutane shi ne haske da shiru. Yawancin masu zuwa da daddare da nasu littafin suke zuwa. A gidan da mutum goma ke kwana a ɗaki biyu, ga kukan jariri ga rediyo, yaro ba shi da inda zai buɗe littafi ko da yana da shi. Sola muka sa, faranti biyu da batir, suna ɗaukar ƙwayayen fitila da fanka. Batirin muka yi wa keji na ƙarfe bayan an sace na wani masallaci a kusa da mu. Cajin waya da ake yi da rana a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, shi ke sayen alli da tsintsiya da ruwan randa.

Sai kwamfuta. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, kuma a unguwarmu akwai yara masu ƙoƙari da ba su taɓa ɗora hannu a kanta ba sai ranar jarrabawar. Yaro ya san amsa, lokaci ya ƙare yana neman inda zai danna. Wani ɗan unguwa da ke aiki a Abuja ya aiko da tsofaffin kwamfutoci biyu, aka sa musu tambayoyin gwaji da ba sa buƙatar intanet. Watanni biyu kafin jarrabawa sai an rubuta suna an bi layi, kowa rabin awa. A ganina waɗannan biyun sun yi wa unguwar amfani fiye da rabin abin da ke kan kantocin.

Tambayar dagaci ita ce ta fi kowace wuya. Masu aikin sa kai suna da zafi a watan farko, daga nan wannan ya samu aiki, wancan ya yi aure, wani ya tafi makaranta. Ɗakin karatun da mutum ya zo sau biyu ya tarar a kulle ba ya sake zuwa. Muka koma sakatariya da roƙo na biyu, a turo mana ɗaya daga cikin ma'aikatan da ke karɓar albashi amma ba su da teburin zama. Wannan bai ci wa hukuma ko kwabo ba, aka turo wani malami daga sashen ilimin manya, shi ke buɗewa da rana, har ya fara ajin koyon karatu da rubutu ga magidanta bayan La'asar. Dare kuma maigadin makaranta ne ke riƙe mabuɗi, muna ba shi ɗan alawus daga kuɗin wata-wata na ƙungiya. Wannan alawus shi muke fara cirewa kafin komai, ko da za a fasa sayen littafi a watan. Mun taɓa samun mai yi wa ƙasa hidima da ya tsara mana rajista ya koya wa yara kwamfuta, amma nasu shekara guda ce, ba a gina tsari a kansu.

Yanzu wata matsalar ce a gabanmu. Unguwa na ƙara cika, yaran firamare sun yi wa azuzuwa yawa, hedimasta ya sanar da mu cewa yana buƙatar ajin nan da safe daga zangon karatu mai zuwa. Haƙƙinsa ne, haka yarjejeniyar ta ce, kuma ajin da muka gyara ya fi sauran kyau. Mun amince a ja kantocin zuwa bango ɗaya a yi musu ƙofar raga mai kwaɗo, yara su yi darasi da safe, mu karɓa bayan Azahar. Lokacin matan da ke faɗawa ranakun makaranta zai matsa zuwa yamma, abin da malaman Islamiyya ba su yi na'am da shi ba tukuna, domin ya ci karo da nasu. Ranar Asabar mai zuwa za a zauna da su a ƙofar gidan mai unguwa, ni kuma an ce in zo da rajistar masu shiga domin a ga ranakun da 'yan mata suka fi zuwa.