Zazzaɓi Ya Sauka, Kada Ka Ajiye Magani

Ƙannena, akwai wani lokaci a cikin jinya da ba a cika yi muku magana a kansa ba, wato ranakun da zazzaɓi ya sauka, baki ya fara jin ɗanɗanon abinci, mutum ya ga ai shi ke nan ya warke. A nan ne na cuci jikina a shekarun ƙuruciya. Da kai ya daina sara mini sai in ɓoye ragowar ƙwayoyin, wai ina tanadinsu don gaba, in koma harkokina. Ba a daɗewa ciwon ya dawo, ya kwantar da ni fiye da na farko. Na daɗe ina zargin maganin da rashin ƙarfi, alhali ni ne ban bar shi ya gama aikinsa ba.

Ku duba maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa yanzu, haɗin artemether da lumefantrine. Ana shan sa sau 6 cikin kwana 3, kuma akwai dalili. Artemether shi ne mai saurin aiki: yana karkashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin jini tun a farko, shi ya sa jiki ke yin sanyi da wuri. Sai dai ba ya daɗewa a jiki, cikin sa'o'i ya fita. Lumefantrine kuwa yana taruwa a hankali, ya zauna ya share waɗanda suka tsira, kuma ya fi shiga jini idan an sha shi da abinci mai ɗan maiƙo. Wanda ya tsaya a rabin hanya ya watsa wa wuta ruwa ne ya bar garwashi a ƙarƙashin toka.

Na tarin fuka ya fi wannan haɗari. Maganinsa na yau da kullum wata 6 ne, amma tarin kan lafa cikin 'yan makonni, sai mai jinya ya gaji ya daina. Ƙwayoyin cutar da suka rage na iya zama masu bijire wa magani, daga nan jinya ta ƙara wuya, kuma irin su zai yaɗa wa mutanen gidansa. Tun a 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano penicillin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya yi kashedi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel cewa shan maganin da bai kai adadi ba yana koya wa ƙwayoyin cuta jure masa.

Na san wani maganin na da wahala, ga tashin zuciya, ga jiri, wani lokacin har ƙaiƙayi. Idan haka ta faru, ku koma wajen likita ya canza ko ya rage. Shi ne ke da hurumin cewa ya isa haka. Ragowar magani kuma kada a miƙa wa aboki don zazzaɓinsa ya yi kama da naka, abin da ni ma na sha yi, kuma har yau yana damuna.

Kuskurena na biyu gaggawa ce. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, kuma jiki kan ɗauki makonni kafin ya mayar da su. Ni kuwa ina tashi sai filin ƙwallo, in yi ta haki, idanu na ganin duhu, ina cewa lalaci ne ya kama ni. Jini ne bai dawo ba. Kwanciya da yawa ma ba ta da kyau, domin tsoka tana saurin sakewa idan ba a motsa ta. Ku fara da 'yar tafiya, ku ƙara kaɗan gobe, ku sha ruwa sosai, ku yi barci isasshe.

Idan kuwa zazzaɓin ya dawo, ko numfashi na yin wuya kuna zaune, ko ƙirji na ciwo, ko ido ya yi ɗorawa, ko fitsari ya yi duhu ƙwarai, kada ku jira gari ya waye. Ku tafi asibiti, ku riƙe kwalin maganin da kuka sha, ku faɗa wa likita gaskiyar nawa kuka sha da ranar da kuka daina.