Alhamdulillahi, Kicin Ya Dawo: Godiyata Ga Waɗanda Suka Tsaya Mini

Alhamdulillahi. Jiya bayan sallar isha'i na buɗe famfo, ruwa ya zuba a sabon sinki ya wuce abinsa, na durƙusa na tura hannu ƙarƙashi na shafa katako, na ji shi a bushe. A nan kan tayil na zauna na yi ta hawaye. Kwana 19 ke nan ina wanke-wanke a tsakar gida da baho, bayana kamar zai tsinke.

Ba sai na maimaita labarin ba, kun ga hotunan tun ranar da tsohon sinkin ya huje, katakon ƙasa ya kumbura ya ruɓe. Kun kuma san yadda sabon mai kwano biyu ya ƙi zama, da yadda mai shagon da na saya ya ce abin da ya fita ba ya komawa. Wannan na bar shi.

Na san ba a cika kiran suna ba a irin wannan, kuma shi kansa ba zai so ba, amma dole in ambaci dattijon da duk layinmu na unguwar Pantami a Gombe ke kira Baba Kafinta. Mutum biyu sun zo kafin shi, kowanne ya ce a fasa kabet ɗin gaba ɗaya a yi sabo. Shi da ya zo sai ya ciro tef ya auna, ya ce faɗin wurin santimita 60 ne, sinkin kuma yana son 80 ko fiye, don haka za a cire katakon da ya raba shi da kabet ɗin kusa, a haɗe su su zama ɗaya. Durowar sama za ta tafi, a bar fuskarta kawai don kada gaban ya yi muni. Sai dai ya gargaɗe ni tun farko cewa wannan katakon na tsakiya shi ke ɗauke da nauyin marmarar da ke sama, kada kowa ya shiga kicin sai an gama.

Ranar Talata da la'asar ne. Ya cire katakon, ya tokare marmarar da gungume ɗaya na wucin gadi, ya aiki yaronsa kasuwar katako ya sayo filawud mai kauri. Ni ina waya da maigida, yana can Fatakwal wurin aiki. Ban ga shigar Auta ba. Ƙwallonsa ya bi, ya rarrafa cikin ramin, ƙafarsa ta ture tokarar. Wani ƙara na ji, irin na abu mai nauyi da ke neman sauka. Kafin in iso ƙofa Baba ya riga ya durƙusa ya sa kafaɗarsa ƙarƙashin dutsen. Yaron yana ciki, daidai ƙasan wurin, yana dariya.

Na buɗe baki zan kurma ihu, sai ya ce, a hankali kamar ba abin da ke faruwa, "Hajiya, kada ki tsorata shi. Ce masa ya zo ya karɓi alawa." Wuyansa yana rawa, jijiyoyin goshinsa sun tashi. Ban san da wace murya na kira yaron ba. Ya fito da rarrafe riƙe da ƙwallonsa, na fizge shi na rungume, shi kuwa Baba bai motsa ba sai da na ruga na kira maƙwabcinmu ya zo ya mayar da tokarar. Baba fa mutum ne da ya haura sittin. Washegari ya dawo da hantsi yana aiki da hannu ɗaya, bai ce mini komai ba, yaronsa ne ya tsegunta mini cewa kafaɗar ta kumbura. Da na ƙara masa kuɗi a kan ladan aikinsa ya turo mini abina, ya ce, "'Yata, ni ma ina da jikoki."

Baba, ba ni da abin da zan biya ka. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiyar kafaɗar nan, Ya jiƙan iyayenka, Ya raya maka zuri'a, Ya kai ka Makka da Madina, Ya sa Aljanna ce makomarka. Yadda ka tare wa ɗana, Allah Ya tare maka duk abin ƙi duniya da lahira. Amin.

Kuma aikin ya yi shi da tsoron Allah. Ya sa ƙaƙƙarfan katako a gicciye gaba da baya ya ɗauki nauyin da na tsakiya ke ɗauka, duk inda zarto ya bi ya shafe da banish don kada ruwa ya sake samun hanya. Mai yankan marmara ya kifa sinkin ya zana, ya shigo da layin ciki kaɗan don baki ya samu wurin zama, yana yanka ana zuba ruwa saboda ƙura. Ranar babu wuta, maƙwabcin nan dai shi ya jawo mana waya daga janaretonsa, ya ƙi karɓar kuɗin mai. Mai gyaran famfo ya sauke lanƙwasar bututun ƙasa domin sabon sinkin ya fi zurfi, shi ya fahimtar da ni cewa ruwan da ke kwanciya a lanƙwasar ne ke hana warin kwata hawowa. Ya zagaye baki da silikon, ya ce kada a taɓa sai bayan awa 24. Muka jira, muka kuma jira zuwan ruwan famfo daga madatsar Dadin Kowa kafin mu gwada. Allah Ya yi wa sana'o'inku albarka.

Maman 'Yan Biyu, ke ma sai na kira ki. Daren Talatar nan da hannuna ya kasa riƙe ludayi, ke kika shigo da tuwo da miyar kuka, kika goya Auta, kika zauna da ni har ƙarfe goma sha ɗaya. Allah Ya bar zumunci, Ya shirya miki yaranki.

Akwai na jikina da ke nan Jekadafari, tafiyar keke ɗaya, sun ji abin da ya faru da yaron tun a daren. Har yau ina duba waya. Wataƙila hidima ce ta yi yawa, Allah Ya sa lafiya.

Masu kira da masu addu'a daga Bauchi, Kumo da Dukku, duk na gani, na gode, ko ban amsa ba ku yi mini uzuri, gajiya ce. Tsohon sinkin yana nan bayan gida, yaron Baba ya ce zai like hujin ya kai wa mahaifiyarsa, ya zo ya ɗauka ranar Asabar in Allah Ya kai mu.