Kayan gidan Cratchit ne ke hana ni barci

Shekara 11 ke nan ina da ɗan shagon ɗinki da hayar kayan wasan kwaikwayo a gabashin Landan, ni da ma'aikata uku. Da zarar Satumba ta kama, ba mu da wani aiki sai na A Christmas Carol, littafin da Charles Dickens ya fitar a Disambar 1843. Bai cika wata biyu a kasuwa ba aka fara wasansa a dandamalin Landan, cikin Fabrairun 1844, kuma har yau makarantu da ƙungiyoyin unguwa kowa sai ya yi nasa. Manyan gidajen wasa irin su Old Vic suna da nasu teloli. Mu ƙananan muke yi wa hidima.

Kayan Scrooge, attajirin marowacin da labarin ke kansa, ba su da wuya: baƙar kwat, doguwar hula, rigar barci. Sarƙar fatalwar Marley, marigayi abokin kasuwancinsa, da soso da roba muke haɗa ta, mu shafa fenti, mu rataya mata makullai da kwaɗuna da akwatunan kuɗi yadda littafin ya zayyana. Shekarar farko da ƙarfe na yi ta, ɗan wasan ya sha ciwon kafaɗa, ban sake ba.

Aikin yana gidan Cratchit, akawun Scrooge. Akawun nan sule 15 yake ɗauka a mako, ko kwat ta sanyi ba shi da ita, sai dogon farin ƙyallen wuya. Matarsa kuwa, rigarta sau biyu ana farke ta ana juyawa, ta ƙawata ta da ɗan ƙyallen ado na sisi. Ranar da na karanta wurin nan, Innarmu na tuna a Zariya, tana juya wuyan rigar Baba ana gobe Sallah. Shi ya sa nake jiƙa sabon yadi a ruwan shayi, in kankare gwiwar hannu da sanfefa, in yi faci da zaren da bai dace ba, sannan in wanke in goge tas.

Wasu masu shirya wasa kan zo da hotunan fim ɗin Alastair Sim na 1951, wasu da na Michael Caine na 1992, su ce haka suke so, kuma ina yi musu. Wanda ya ce in sa wa iyalin tsumma mai datti ne nake zaunar da shi in buɗe masa shafin. Bana ƙungiya 9 muka karɓa, kuma tun jiya rigar Malama Cratchit ta huɗu ke kan kekena, saura hannun hagu.