Lojisiyel ɗin shagon kawu da matsalolin da sunka ci mini tuwo a ƙwarya

Masu koyon haɗa lojisiyel na kwamfuta irin mai taga da buton, wanda mutum zai danna ya ga abu ya hito, ina son in ba ku labarin aikin da na yi ma kawuna nan Tawa, don na san da yawanku Python kuke koyo kuma Tkinter, wato kayan haɗa taga da buton na Python, shi ne abu na farko da hannu ke kaiwa tunda tare suke zowa ba sai ka sauke komi ba. Kawu yana da shagon kayan masaruhi na sari da ɗaiɗai kusa da babbar kasuwa, shinkafa, sukari, mai, madara, sabulu da sauransu, kuma duk lissahin a kaye ake yinshi, bashi a wani littahi daban, to shi ne ya ce mini "ɗana, tunda kai ka yi karatun abin nan ka yi muna wanda zai riƙa gaya muna abin da ya rage a sito". Na ce to kawu in sha Allahu.

A kwamfutata komi lahiya lau yake tahiya. Duk matsalolin da zan faɗa muku, in ka cire guda biyu ko uku, sai da lojisiyel ɗin ya bar hannuna ya hau tsohuwar kwamfutar shago sannan sunka bayyana.

Bari in fara da ƙanana waɗanda kowa ke karo da su. Ka sa hoto a taga da PhotoImage cikin wani fonksiyon, ka kunna, wurin hoton ya hito fari fat kuma ba wani saƙon kuskure, dalili shi ne Python na share duk abin da ba wanda ke riƙe da shi, da fonksiyon ya ƙare sai ya kwashe hoton, magani ka aje shi a wani wuri mai ɗorewa kamar self.hoto. Sai buton da ke yin aikinshi tun kahin a danna shi, bayan nan kuma ya mutu, wannan ka rubuta command=ajiye() ne, ka cire bakan nan ya zama command=ajiye shi ke nan. Haɗa pack da grid, hanyoyi biyu na jera abubuwa a taga, a uwa ɗaya, wato cikin taga ko Frame guda, ma Tkinter bai yarda ba, amma shi wannan yana faɗa maka ƙarara, raba su a Frame daban daban. Waɗannan ba su ɗaukar lokaci.

Wadda ta fara tada ma kawu hankali ita ce daskarewar taga. In yaron shago ya danna buton na rahoton wata, sai tagar ta yi fari, Windows ya rubuta Ne répond pas a sama, shi kuma yaron ganin haka sai ya yi ta dannawa ko ya kashe kwamfutar gaba ɗaya. Ya kira ni ya ce "yaya abinka ya sake mutuwa". Alhali bai mutu ba, lissahi yake. Abin da ya kamata kowa ya gane shi ne duk lojisiyel mai taga yana da wani zagaye guda da ke sauraron danna buton, motsin suri, sake zana ekiran, a Tkinter sunanshi mainloop, kuma in ka ɗora ma buton aiki mai nauyi to zagayen nan ne ke tsayawa ya yi shi, kamar shago mai yaro ɗaya da anka aika sito ɗauko buhu, duk wanda ya zo kanti sai dai ya yi ta sallama. In taga ta kai kamar daƙiƙa 5 ba ta amsa ba Windows ya ɗauka ta maƙale. Haka nan time.sleep a cikin irin wanga lojisiyel haramiyarka ce, in kana son abu ya jira ka yi amfani da after.

Na kai lissahin rahoton can gehe da threading, wato ba aiki nashi zare daban da na taga, amma nan ma akwai rami, aikin da ke gehe bai kamata ya taɓa taga ba ko da canza rubutun Label ɗaya ne, wani lokaci zai yi aiki wani lokaci ya ruhe lojisiyel ɗin ba gaira ba dalili, kuma irin wannan ta hi wuyar kamawa tunda ba kullum take zowa ba. Yadda na yi shi ne mai aikin gehe yana zuba sakamako a Queue, ita kuma tagar tana leƙawa da after lokaci lokaci ta ɗauka ta nuna. SQLite ma, wato abin da nike aje bayanan shago a ciki, da nashi sharaɗi, haɗin da ka buɗe a wani zare ba ka amfani da shi a wani, sai kowane ya buɗe nashi. Na ƙara rubutun "ana lissahi, a dakata" da sandar nan mai cika a hankali, kuma da an danna buton ina kashe shi da state="disabled" sai aiki ya ƙare, saboda kahin nan danna biyu da sauri na shigar da ciniki ɗaya sau biyu, kawu ya ga sukari ya ragu a ekiran alhali yana nan jibge a sito.

Yanzu ga wadda nike ganin ta hi duka muhimmanci. Lokacin da na mai da lojisiyel ɗin .exe, wato fishiyen da ake dannawa ya tashi a Windows, da PyInstaller na sa --windowed don baƙar tagar nan ta rubutu kar ta riƙa hitowa tana tsorata mutane. To ashe duk kuskuren da ya faru cikin buton, Tkinter a baƙar tagar nan yake rubuta shi, in babu ta sai ya tahi a iska, a danna buton ba abin da zai faru, yaro ya ce maka "bai yi", ka ce mi ya rubuta, ya ce bai rubuta komi ba. Ta waya ba yadda za ka yi da irin wanga bayani. Sai na canza report_callback_exception ya zama duk kuskure ana rubuta shi da logging a wani fishiye da rana da awa da layin da abin ya faru, sannan ƙaramar taga ta hito da Hausa ta ce an samu matsala a kira ni. Daga nan sai aikin ya canza kama gaba ɗaya, in an kira ni sai in ce ƙanena ɗauki hoton fishiyen nan ka turo mini a WhatsApp, kahin in hau babur na riga na san inda ciwon yake. Ni a ganina duk wanda zai ba wani lojisiyel ya yi wannan tun ranar farko kahin ma ya zaɓi kalar buton.

Fishiyen nan ne ya tona mini maganar haruffanmu. Sunan mai bashi in yana da ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ, da an zo hidda jerin masu bashi sai UnicodeEncodeError, sunan Faransanci mai é kuwa yana wucewa sumul. Dalili, a Windows na Faransanci in ka buɗe fishiye da open ba ka faɗi komi ba yana ɗaukar cp1252, tsarin da anka yi don harsunan Turai ta yamma, haruffanmu masu lanƙwasa ba su ciki. Sai ka rubuta encoding="utf-8" duk inda ka buɗe fishiye. In CSV ne da za a buɗe a Excel ka sa utf-8-sig, in ba haka ba sunayen su hito a hargitse, kuma Excel na Faransanci da alamar ; yake raba ginshiƙai, in ka raba da waƙahi duk layin zai cushe a gida ɗaya. Wani abokina ya ce in cire lanƙwasar kawai in huta, ban yarda ba, sunan mutum sunanshi ne, kuma layi ɗaya ne gyaran.

Lambobi ma haka. Mu da munka yi lekol nan 12,5 muke rubutawa da waƙahi, dubu ɗaya da ɗari biyar kuma 1 500 da tazara a tsakiya, Python kuwa float("12,5") bai san shi ba sai ya jefo ValueError. Na yi ƙaramin fonksiyon guda da duk abin da anka rubuta a gidan lamba sai ya bi ta cikinshi, ya cire tazara, ya mai da waƙahi ɗigo, in ba lamba ba ce gidan ya yi ja. Kuɗi kuma lamba cikakka nike aje su tunda sefa ba ta da ɓarɓashi a ciniki. Akwai kuma abin da ba littahin da zai gaya maka, yaron shago da dala yake tunani, abin dala ashirin sai ya buga 20 alhali 100 ne, sai na sa in ya rubuta kuɗi a sefa a ƙasa yana ganin nawa ne a dala, kuskuren ya ragu ƙwarai.

Sai dushet, na'urar nan mai jan haske da ke karanta lambar jikin kaya. Kawu ya sa anka kawo mishi ita, munka jona, munka haska gwangwanin madara sai ga &é"'(-è_çà irin waɗannan a gidan lamba. Na ɗan jima ina zargin kod ɗina. Ashe ita dushet a wurin kwamfuta kilabiye ce kawai mai saurin bugu, kuma ta zo a saite kan tsarin Amurka na QWERTY, Windows ɗin shago kuma AZERTY yake, a AZERTY layin sama in ba ka riƙe majuskil ba alamomin nan yake badawa a wurin 1 zuwa 0. A takardar da ke cikin kwalinta akwai lambobin saiti, ka haska ta Faransanci shi ke nan ta gyaru. Kuma tana buga Entrée a ƙarshen kowace lamba, in ka ɗaure Entrée da buton na kammala ciniki to kowane kaya ka haska ciniki ya ruhe, a kula da wannan.

Kwamfutar shagon Windows 7 ce 32 bit, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020, amma wa zai ce ma ɗan kasuwa ya yar da abin da ke kunnuwa. Na kai .exe a kile USB, ya ƙi tashi, yana cewa api-ms-win-core-path-l1-1-0.dll ya ɓace. Kar ka je intanet neman wanga fishiye a shahukan da ba ka sani ba, birus za ka kwaso. Python 3.8 shi ne na ƙarshe da ke aiki a Windows 7, daga 3.9 an wuce wurin, sai na sa 3.8 na 32 bit na sake haɗawa da shi, kuma na 32 yana tashi a kwamfuta mai 64 amma na 64 bai tashi a mai 32. Ekiran ɗinta ma 1366 da 768 ne, ni kuma na zana tagar a babba da lambobi ƙayyadaddu, sai buton na ajiya ya faɗa ƙasa ba a ganinshi, dole na koma grid da weight da sticky don taga ta riƙa miƙewa tana tsukewa da kanta.

Wadda ta kusa sa kawu ya koma ma kayenshi ita ce ɓacewar bayanai. A shigar da kaya da sahe, a ruhe lojisiyel, a buɗe, wayam. Na yi amfani da --onefile ne, shi kuma in an kunna shi yana zazzage kanshi a wani dosiye na wucin gadi mai suna da ya fara da _MEI, in an ruhe ya share, to hanyar fishiyen bayanai na ɗaure ta da __file__ sai ta bi shi can ciki ana share su tare. Hotuna da abin da ba ya canzawa su za ka nema ta sys._MEIPASS, bayanan shago kuwa sai wuri tsayayye, kuma ba Program Files ba don Windows bai barin rubutu can sai da izinin admin, ni a APPDATA na aje su. Kawu bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi "ɗana, kaye dai bai taɓa mance bashi ba", na ce gaskiya ne kawu, a ci gaba da rubutawa a duka biyun har sai kun natsu. Haka anka yi kuwa, kuma gwada kaye da ekiran kowace maraice ya hiddo wasu ƙananan kurakurai da ni kaɗai ba zan gani ba.

Ga kuma kuran, musamman lokacin zahi wajen Afrilu da Mayu da yake yawan tahiya, kuma batirin ondilar shagon ya gaji. Ciniki ɗaya abu uku ne, rubuta rasit, rubuta kayan da ke ciki, rage su daga sito, in kuran ya tahi a tsakiya kuma kowane da commit nashi, wato umarnin da ke tabbatar da ajiya, sai ka samu rasit ba kaya ko kaya sun ragu ba kuɗi. Na haɗa ukun a transaksiyon guda da commit ɗaya a ƙarshe, ko duka su shiga ko SQLite ya mai da komi yadda yake in an sake kunnawa. Na gwada da cire waya daga bango da gangan ana tsakar ciniki, a kan kwafin bayanai ba na gaske ba. Kuma duk dare in za a ruhe, lojisiyel ɗin na tambaya a sa kile ya kwafe bayanan da backup na sqlite3, kawu ya sa kilen a aljihu ya tahi da ita gida.

Yanzu abin da ya rage mini shi ne amfirimant ta rasit, ƙaramar nan mai takarda mai zahi, ita ma ba ta san ƙ da ɗ ba, alamar tambaya take bugawa a wurinsu, ina kan gwada mai da rasit ɗin hoto kahin in tura mata, yana hita daidai amma ya hi jinkiri kuma ranar kasuwa layi na tsawo. In akwai wanda ya taɓa shawo kan wannan a Yamai ko Maraɗi ko nan Tawa don Allah ya nuna mini hanyar da ya bi.